Jarfar Gwaggo Oleepa

Kwalin ya iso Iqaluit, garin ƙanƙara can ƙarshen arewacin duniya inda ko itace ba ya tsirowa, a jirgin safiyar Asabar, bayan kwana goma ana zuba ido, kuma ƙarfe biyun ranar za a buɗe bikin nuna hotuna a zauren taro. Leetia da kanta ta je ta ɗauko shi, don ba ta yarda mijinta Jonasie ya ɗaure shi a bayan babur ɗin ƙanƙara ya yi ta sukuwa da shi ba. Hotuna shida ne a ciki, kowanne ya kai ƙofar firiji girma, na matan nan shida da aka yi wa jarfa a fuska a watan jiya. Duk garin babu injin da ke buga irin wannan girman, sai an aika kudu.

Ta shigo da shi ɗakin da suka ware na ɗaukar hoto, ta yanke salatif, ta zaro na farko ta jingina da bango. Ta ja da baya don ta more kallon aikinta. Haske ya zauna daidai, gashin wuyan rigar sanyi ya fito sili-sili, idon matar kamar ta yi magana. Amma goshinta fes yake. Layuka biyun da suka sauko daga gashinta suka haɗu tsakanin gira babu su, ko alamarsu.

Ta zaro na biyu, babu ɗige-ɗigen kumatu. Na uku ma haka. Kafin ta zaro na shida ta san ko na wa ne.

Gwaggo Oleepa ce, yayar babanta, wadda ta raine ta tun tana 'yar shekara huɗu. Tsohuwa 'yar saba'in da takwas, ta kwanta awa uku ana bi mata haɓa da allura, ko uhum ba ta ce ba. Layukan mahaifiyarta ta sa aka mayar mata, wato kakar Leetia, wadda Leetia ta ci sunanta, shi ya sa har gobe Gwaggo ba ta kiranta da komai sai Inna. Ita waccan tsohuwar da jarfarta ta girma, sai aka wayi gari ana faɗa a coci cewa zanen shaiɗan ne. Daga nan ba ta ƙara fita ba sai da gyale a haɓa. Hotonta ɗaya tak a duniya, kuma a cikinsa ma ta sa hannu ta rufe.

Ranar da Leetia ta ɗauki hoton Gwaggo, tsohuwar ta tashi daga kujera ta ce, "Inna, wannan za ku ɗora a kan akwatin gawata ran da na tafi. Sauran duk ku ƙona."

To ga shi nan jingine da bango. Haɓa sumul, kamar ta 'yar jariri.

"Jonasie!"

Ya shigo da kofin shayi a hannu, da guntun burodi a baki, safa ɗaya ta zame. Mutum ne mai sanyin hali, irin sanyin da kan ƙara wa mai fushi fushi. Ya dubi hotunan, ya ce sun fito da kyau. Ya ƙara dubawa. Sai ya daina tauna.

"Ina jarfar?" in ji Leetia.

"Ko masu bugawa ne suka..."

"Masu bugawa sun san Gwaggo ne da za su zauna su kankare mata haɓa? Kunna kwamfutar nan. Kunna, injiniya!"

Ya kunna, kuma tun kafin ta gama buɗewa ya sha jinin jikinsa.

Abin ya samo asali ne tun watan Oktoba, lokacin hotunan 'yan makaranta. Yara ɗari huɗu da wani abu, rabinsu masu ƙurajen balaga, kuma kowace uwa so take a ba ta ɗanta kamar an wanke shi da madara. Da hannu Leetia ke bin ƙurajen nan ɗaya bayan ɗaya, har wuyanta ya sage. Sai Jonasie ya tono wata 'yar manhaja a intanet, ta wani kamfani can kudu, irin wadda ba ta aiki ita kaɗai sai an maƙala ta a jikin babbar manhajar gyaran hoto. Ya sauke ta, ya jefa ta inda ake jefa irinsu, ya rufe babbar ya sake buɗewa, sai ga sabon maɓalli ya tsiro a gefe. Dannawa ɗaya, ƙuraje sun tafi. Ya sa mata suna ɗan maƙale, ya yi mako guda yana yi wa duk wanda ya shigo gidan wa'azinta, har da mai kawo ruwa.

Abin da bai gaya wa kowa ba, don shi ma ya manta, shi ne ya taɓa wani ɗan akwati a ciki mai cewa duk hoton da za a fitar daga kwamfutar ya bi ta hannun ɗan maƙale tukuna. An gama da 'yan makaranta, akwatin yana nan a taɓe. Wata shida ke nan duk fuskar da ta fita daga ɗakin nan sai an goge ta, ba wanda ya lura, don ba wanda ke kai ƙara an rage masa tamoji.

"Ga shi nan," ya ce a hankali, yana nuna ɗan akwatin da yatsa. "Ban cire ba."

"Ba ka cire ba."

"Na asalin suna nan lafiya, bai taɓa su ba. Wanda aka fitar kawai yake..."

"Na asalin ne za su hau bango ƙarfe biyu? Kwamfutar zan ɗauka in rataye a zaure, mutane su yi layi suna leƙe? Sau nawa na ce maka kada ka sa mini abin da ban sani ba a cikin kayan aikina? Kai komai ka gani kyauta ko da rangwame sai ka kwaso. Injin yanka albasa, ka kwaso. Fitilar da ke waƙa, ka kwaso. Yau ka kwaso abin da ya wanke wa Gwaggo fuska!"

"Ai ke ma kin ji daɗinsa lokacin 'yan makaranta. Har kika ce in ƙara miki shayi don..."

"Kada ka kawo mini maganar shayi, Jonasie. Wallahi kada ka kawo."

Ta fizge linzamin kwamfutar daga hannunsa, ta buɗe hoton Gwaggo na asali. Ga jarfar nan raɗau, baƙa mai ɗan shuɗi, fatar gefenta ma ba ta gama warkewa ba. Ta danna maɓallin don ta gani da idonta. Wani ɗan zobe ya yi juyi biyu, layukan suka narke kamar an zuba wa gishiri ruwa. A ƙasa kuma rubutu ya fito da kore, wai an gyara aibi goma sha bakwai.

Aibi. Leetia ta karanta kalmar nan sau uku, zuciyarta tana tafasa. Shekara tamanin da suka wuce sai da aka yo jirgin ruwa, aka gina coci, aka koyi harshen mutane, kafin a iya gaya wa kakarta cewa fuskarta aibi ce. Yanzu ko wahalar zuwa ba a yi. Wani yana zaune can kudu inda itatuwa ke tsirowa, bai taɓa ganin tsohuwa mai jarfa ba, ya koya wa na'ura yadda fuskar mutum ta kamata ta kasance, kuma mijinta da kansa ya buɗe masa ƙofa.

Ta nemo lambar kamfanin ta buga. Bayan kiɗa mai tsawo wani saurayi ya ɗauka, murya kamar an shafa mata man shanu. Ta yi masa bayani, tana ƙoƙarin kada ta ɗaga murya.

"Ayya, mun gane damuwarki, ranki ya daɗe," in ji shi. "Manhajar tana cire duk wani tabo ko datti da ta gani a fata. In akwai abin da kike so ya tsaya, sai ki zagaye shi da hannu kafin ki danna."

"Datti?"

"Wato abin da ba na fuskar ba ne."

"Na fuskar ne! Ya fi hancinka zama na fuska! Wato ni ce zan bi gwaggota in zagaye ta da alƙalami, in roƙi abinku ya yi haƙuri ya bar ta?"

"Zan isar da shawararki ga masu ƙira. Za ki so in turo miki 'yar takarda ki faɗi yadda kika ji da hidimarmu ta yau?"

Ta kashe wayar, ta jefa ta kan kujera har ta yi tsalle ta faɗi ƙasa. Agogo ya ce sha ɗaya da kwata. Ta juyo kan Jonasie, don shi ne kaɗai a kusa, ta ɗora daga inda ta tsaya. Ta tuno masa ranar da ya goge hotunan auren ƙanwarsa, ta tuno masa tayar da ya ce zai gyara tun bara. Ta ce shi zai je ya tsaya gaban matan nan shida ya yi musu bayani da bakinsa, ita ba ruwanta. Ta ce mutum mai ido biyu a ka ba zai aika abu kudu bai duba ba.

A nan ne Jonasie ya ɗago kai. Ya daɗe yana kallonta, kamar mai shawara da zuciyarsa. Sannan ya jawo linzamin, ya buɗe akwatin saƙonninta, ya juya mata fuskar kwamfutar.

Saƙon masu bugawa ne na ranar Laraba ta makon jiya. Sun turo samfurin hotunan shida, kamar yadda suka saba, suna tambaya a duba kafin su buga. Ga fuskokin nan shida, duk a goge. A ƙasa kuma ga amsa, daga ita kanta, ƙarfe goma da minti takwas na safe: Sun yi kyau ƙwarai, a buga.

Ta tuna safiyar sarai. Ba sauri take yi ba. Ta buɗe kowanne ta ƙara masa girma, ta duba hasken ido, ta duba ko jan rigar Gwaggo ya yi yawa. Ta fi minti biyu tana kallon fuskar nan, har ta yi murmushi ta ce a ranta, ga Gwaggo sak. Fuskar da ta sani ce shekara arba'in, wadda ke leƙo ta da safe ta ce tashi makaranta. Idonta bai nemi komai ba, don bai ga abin da ya ɓace ba.

Fushin bai tafi ba, juyowa kawai ya yi ya rasa inda zai sauka.

"Tun ɗazu ka san da wannan?"

"Yanzu na tuna."

"Rufe shi."

Ya rufe. Ya tashi ba tare da an sa shi ba, ya cire alamar da ke cikin ɗan akwatin, ya bi ɗan maƙale har inda yake kwance ya tumɓuke shi. Ya kunna ƙaramin injinsu na buga hoto, wanda iyakarsa faɗin littafin makaranta, ya fara fitar da na asalin ɗaya bayan ɗaya. Leetia kuwa ta shiga juya manyan hotunan suna kallon bango. Ta juya biyar, tana kama na shida sai ta ji an buɗe ƙofar waje, an buga takalma a dakali don kakkaɓe ƙanƙara.

Ba a ƙwanƙwasa ƙofa a garin nan, balle Gwaggo Oleepa a gidan 'yar da ta raina. Ta shigo da jar rigarta ta biki, wadda ta ɗinka da hannunta, da daskararren kifi a leda ta kawo musu.

"An ce jirgi ya sauka," ta ce. "Ina nake, Inna? Nuna mini kaina kafin 'yan gulma su riga ni gani."

Hoton kuwa yana hannun Leetia, yana kallon ƙofa.

Gwaggo ta ajiye ledar a kan tebur. Ta matso, ta ciro tabarau daga aljihu ta saka, ta kalli hoton tun daga gashi har wuya. Injin yana ta ƙugi a gefe. Ta ɗaga hannu ta taɓa haɓarta ta gaske, kamar mai tabbatarwa tana nan.

"Wace ce wannan?"

"Gwaggo, kuskure aka yi. Wata manhaja ce a cikin kwamfuta, ita ce take..."

"Na ce wace ce wannan? Don ni na san na bar matar nan a kan tabarmar mai jarfa tun watan jiya. Wa ya dawo da ita?"

Jonasie ya miƙe tsaye, yana murza hannu. "Laifina ne, Gwaggo. Ni na sa abin a kwamfuta don ƙurajen yara, na manta ban kashe ba. Shi yake goge duk abin da ya ga kamar tabo ne. Ga na gaskiyar nan suna fitowa, ki duba, komai yana nan."

Ya miƙa mata ƙaramin. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Kai dama tun ranar da ka zo neman aure na san hannunka ya fi kanka sauri. Ba da kai nake ba." Ta juyo. "Na'ura ba ta san ni ba, ban yi mata goyo ba. Inna, kafin a aika wannan abin kudu, ke kin gani?"

"Ni na aika, Gwaggo," in ji Jonasie da sauri. "Ita ba ta..."

"Rufe mini baki, ɗan nan."

Leetia ta ji ƙaryar tana nan a shirye, mijinta ya riga ya shimfiɗa mata ita, takawa kawai za ta yi. Ta dubi tsohuwar. Sai ta ɗaga gira sama, yadda ake cewa i a garin nan.

"Kin gani."

"Na gani."

"Kika ce me?"

"Na ce sun yi kyau."

Gwaggo ta cire tabarau ta ninke, ta mayar aljihu. Muryarta ba ta tashi ba, kuma da ta tashi da ya fi sauƙi.

"Da na ce zan yi jarfar nan, 'yan ƙungiyarmu ta mata a coci biyu suka daina zuwa shan shayi gidana. Ɗana da ke Ottawa ya bugo waya wai me ya same ni da tsufa. Duk ban damu ba. Na ce akwai mutum ɗaya da ba sai na yi wa bayani ba, tunda sunanta ne a haɓata. Ashe ke ma kallon haƙuri kike yi mini, kina jira in wanke."

"Ba haka ba ne, Gwaggo! Ni na kai ki wurin, ni na riƙe miki hannu!"

"Kin riƙe hannu, na sani."

Sai tsohuwar ta ɗaga tafinta ta rufe haɓarta ruf, yatsu a kan leɓe. Leetia ta san tsayuwar nan. Ita ce ta hoton kakarta da ke rataye a falon Gwaggo cikin tsohon firam, baƙi da fari.

"Guda nawa ne?" in ji Gwaggo ta bayan hannu.

"Gwaggo..."

"Wata guda kina ganina kullum. Kin ci abinci da ni, kin haska mini fitilu uku a fuska, kin ɗauke ni hoto ya fi hamsin. Sana'arki ke nan, kallon fuskar mutane. Layi nawa ne a haɓata?"

Ƙaramin hoton yana hannun Jonasie, taku biyu daga inda take. Ya ɗan karkato shi wajenta, ita kuwa ta ƙi kallo. Ta rufe ido ta nemo fuskar a cikin kanta, sai ga haɓar nan sumul ta zo mata, ta shekara arba'in.

"Uku," ta ce.

Gwaggo ta yamutsa hanci, wato a'a. Idonta ya kawo ruwa, amma na fushi ne, ba ta bari ya zubo ba. Ta sauke hannun, ta cafko yatsan Leetia da ƙarfin da ba a zaci tsohuwa na da shi ba, ta ɗora shi a ƙasan leɓenta.

"Ƙirga. Da ƙarfi, yadda na koya miki da duwatsu."

Fatar tana da ɗumi, layukan sun ɗan taso kaɗan a ƙarƙashin yatsa. Leetia ta bi na farko daga leɓe har ƙasan haɓa.

"Ɗaya. Biyu." Ta gusa da yatsan. "Uku. Huɗu. Biyar."

"Biyar. Haka naki suke, Inna, kafin ki rufe su. Ni ara na yi."

Ta sake yatsan. Jonasie ya sake miƙo ƙaramin hoton, a ɗarare, ya ce ko za a kai wannan zauren, tunda komai ya fito a ciki. Gwaggo ta karɓa wannan karon, ta duba, ta ajiye shi kife a kan ledar kifi.

"Na sauran matan ku kai musu, ku gaya musu gaskiya, su zage ku su huce. Wannan kuwa ba zai hau akwatina ba. Wadda ta ɗauke shi ba ta gan ni ba."

Ta taka zuwa ƙarshen ɗakin, inda baƙin labule yake rataye, ta jawo kujerar nan mara jingina ta zauna. Ta gyara wuyan jar rigarta, ta ɗaga haɓa sama.

"Kunna fitilunki. Saura awa biyu."

Leetia ta kunna su. Ta ɗauko kyamara ta kai ido, amma ba ta ga komai ba sai ja da baƙi suna iyo cikin ruwa. Ta sauke, ta goge da hannun riga, ta sake ɗagawa, abin ya sake cikowa.

"Share idonki da kyau, Inna," in ji Gwaggo Oleepa, ba tare da ta motsa kai ba. "Ina nan zaune. Ba inda za ni sai kin gan ni."